Lea, Mai Kitson da Ba Ya Kwana Huɗu

Ranar Talata, 13 ga Maris 2018, matata Ummu Salma ta fito daga ɗaki da la'asar, ta same ni a tsakar gida ina karatu. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baƙo, ka yi haƙuri, maigidan bai dawo daga makaranta ba tukuna."

A lokacin shekararmu arba'in da biyu da aure, shekarata goma sha ɗaya da barin koyarwa.

Ba labarina zan bayar ba, ko da yake dole in ratsa ta cikinsa. Labarin Lea ne, matar Manasseh, mai kitso, wadda ta ajiye sana'a a watan jiya bayan shekara talatin da takwas tana bin gidajen Keffi. Amosanin gaɓɓai ya kama yatsunta, ba sa lanƙwasuwa. Ba a yi mata walima ba, ba a buga kalanda da hotonta ba. A garin nan kalanda ta wanda ya sauka daga kujera ce, ko da kuwa ya cinye ta har ƙafafu. Mai kitso kam sai a ce, "Ai ta daina," a nemi wata. Ni ba ni da injin buga kalanda. Biro nake da shi, kuma shi ne kaɗai abin da na taɓa iya riƙewa daidai.

Lea 'yar Agwada ce, aure ya kawo ta Keffi. Ba ta taɓa buɗe shago ba. Da ƙarfe bakwai na safe take fita, 'yar kujera a ka, jaka a hammata. A jakar akwai mataji biyu, da kibiyar tsaga, da gwangwanin man kaɗanya, da wani tsohon zane da take shimfiɗawa a cinya. Ranar Lahadi kawai take hutu, sai yammacin Talata da take zuwa taron Zumuntar Mata a cocinsu. Tun da jami'a ta zo, 'yan mata suka koma shagunan gyaran gashi masu madubi da janareta, ta bar musu. Nata rabon tsofaffi ne: wadda ƙafa ta hana fita, wadda miji ya mutu ya bari, wadda 'ya'ya suka gina wa ɗaki mai tayil suka koma Abuja. Tana shiga ta gaisa, ta ajiye kujera, ta sa kan tsohuwa tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsifa. Mata sun shaida hannunta ba shi da zafi. Bakinta ne ba ya hutawa. Kafin ta gama kai ɗaya, an ji wa ya haihu, wa ya yi yaji, nawa ake sayar da doya, da wace amarya ce ta ƙona shinkafa a gaban uwar miji.

Shekara ashirin tana yi wa matata kitso ban san sunanta ba. "Mai kitson nan" nake ce mata. Na san sunayen sarakunan ƙasashen da ban taɓa takawa ba, da shekarun da suka hau da waɗanda suka sauka, domin tarihi na koyar. Matar da ke zama a tsakar gidana sau biyu a wata kuwa, ban sani ba.

Sai na faɗi yadda unguwarmu ta koma, in ba haka ba ba za a gane aikinta ba. Da na yi gini a Liman Abaji a 1981, mata ba sa bin ƙofar gida in za su shiga maƙwabta, ta ƙofar baya suke ratsawa, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo ɗiban wuta, a zauna sai hira ta cinye abin da aka zo nema. Aka ba mu jiha a 1996, muka yi murna. Abuja ta kumbura ta taho mana bisa kwalta. Maƙwabta suka sayar da gidaje, waɗanda ba su sayar ba suka yanka su ɗaki-ɗaki suka zuba 'yan haya. 'Yan hayar nan mutanen kirki ne, ina jin, amma ban tabbatar ba, domin suna fita neman motar Abuja kafin gari ya waye, ba sa dawowa sai an yi isha'i. Aka toshe ƙofofin baya da bulo. Ɗanmu Zaharadeen yana aiki a Abuja, yana kwana a Mararaba. 'Yarmu Ikhlas tana aure a can. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. A zamaninmu ta hau waya, kuma in waya ba caji ta mutu. Daga safe zuwa magariba, mutum biyu ne a gidan nan: mace mai son magana, da namiji mai son littafi.

Lokacin da nake koyarwa, da la'asar nake dawowa a kan Vespa. In kashe ta a zaure, in ce, "Salamu alaikum, na dawo." Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta miƙo min ruwan randa a kwanon sha mai murfi. Shekara talatin da ɗaya haka. Da ciwon ya kama ta, ya share kusan komai ya bar mata wannan. Kullum in an kira la'asar sai ta cika kwanon, ta ajiye a bakin zaure, ta zauna tana jiran maigida. Ni kuwa ina gefe a kujera. In ce, "Ni ne maigidan." Ta dube ni ta ce, "Haba Baba, mijina ba tsoho ba ne." In ɗauko hoton aurenmu, in ɗauko katin shaidata, in bi da ita shekara-shekara kamar ɗaliba mai taurin kai. In ta ƙi, in ɗauki kwanon in juye ruwan a randa.

Daga nan ake farawa. Ta yi kuka, ta ce na shanye ruwan mijinta. Ta ce na sace mata zannuwa. Ta jefe ni da ludayi. Ta ɗauki mayafi za ta bi sawunsa makaranta. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ta zage ni da zagin da ban san ta iya ba.

Na kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya kira shi da sunansa na Turanci, dimenshiya. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya ce, "Baba, babban abu, kada a bar ta ita kaɗai. A riƙa yi mata hira." Na rubuta wannan a takarda da kyakkyawan rubutu. Na sa Zaharadeen ya kawo min littattafai biyu kan ciwon, na karanta su daga bango zuwa bango, har da ja wa layi. Sannan na je kasuwa na sayo kwaɗo.

Ranar da Lea ta tarar da kwaɗon, Alhamis ce. Ummu Salma tana ciki tana dukan ƙofa da hannu biyu tun bayan azahar, tana kiran a cece ta. Ni ina zaune da littafi a buɗe, shafi ɗaya tun ɗazu. Lea ta yi sallama, ta sauke kujera, ta dubi ƙofar, ta dube ni.

"Malam, akuya ce a ciki?"

Na ce ba ta da lafiya, yau ba kitso.

Ta matsa jikin ƙofar ta ce, "Hajiya! Ni ce Lea. Kai, wannan kai naki tun yaushe? An ce min kaji sun fara saka ƙwai a ciki."

Duka ya tsaya. Can muka ji murya, irin ta dā: "Lea? Ke da kika ce za ki zo jiya?"

"Na yi laifi, Hajiya, a yafe min. Malam, makulli."

Na ba ta. Ban san dalilin da ya sa na ba ta ba, ni da ban taɓa karɓar umarni daga mataimakin shugaban makaranta ba. Ta fito da ita, ta duba tafin hannunta da suka kumbura, ta shafa musu man kaɗanya kamar wani abu ne da ake yi kafin kowane kitso. Ta zaunar da ita, ta sa kanta a cinya. Kafin a gama tsifa, matata tana dariya. Da la'asar ta yi, ta zabura za ta tashi. Lea ta ce, "Je ki ɗebo masa ruwan, Hajiya, ki dawo mu ƙarasa, ya zo ya tarar da ke kin yi kyau." Ta ɗebo, ta ajiye, ta dawo ta kwanta. Ta yi barci a nan. Ba ihu, ba ludayi.

Ranar Litinin Lea ta dawo, wai kitson ya warware. Haka ne kuwa, ya warware. Bayan kwana uku kuma ta sake dawowa. Kafin wata ya ƙare, ba tare da ta nemi izinina ba, ta mai da tsakar gidana wurin sana'arta na Litinin da Alhamis. Duk wadda ke son kitso a layinmu da na bayanmu, nan za ta zo. Mata suka cika gidan, da goyo, da tabarmi, da gardama. Dada, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugarsu, ta mai da nan zangonta, ta sauke ƙwarya ta zauna har rana ta yi sanyi. Lea ta ba Ummu Salma aiki: ita ce mai riƙe kibiya da gwangwanin mai, ita ce mai ɓarar agushi, ita ce mai riƙe jariri in uwarsa ta sunkuya. In ta ba da labari ɗaya sau biyar, sau biyar Lea za ta ce, "Kai Hajiya, sai aka yi yaya?"

Ni kuwa na yi ƙorafi. Na ce hayaniya ta hana ni karatu. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗauka ni ne mutumin kirkin labarin.

Ina da wata ɗabi'a ta malaman makaranta. Duk ranar da aka yi rikici da ita, sai in sa jan biro a kalandar bango, don in nuna wa likita. Wata rana na tsaya ina duba watanni huɗu a jere. Laraba ja, Asabar ja, Lahadi ja wur. Litinin da Alhamis fari tas, ban da guda ɗaya, ranar da Lea ta tafi jana'iza Agwada. Magani ɗaya take sha kullum. Abinci ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne ko akwai mutane a gidan ko kuwa ni ne. Littattafan nan biyu sun faɗi haka, a babin da na fi ja wa layi. Kalanda ce ta sa na gane da ni suke.

Dada ta ba ni wani labari da ban gani da idona ba. Wata Asabar na gyangyaɗa, Ummu Salma ta fice ba takalmi. Sai a bakin babbar hanya aka gan ta, inda motocin Abuja ke wucewa kamar an koro su, tana tsai da masu babur tana duba fuskokinsu. Mutane suka taru, wani yana cewa aljanu ne, wata tana cewa a kama ta, wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗauka. Dada ta ce sai ga Lea ta ratso taron da kujerarta a ka. Ba ta kama ta ba. Ta tsaya gefenta, ita ma ta shiga duba masu babur.

"Hajiya, bai wuce ba?"

"Bai wuce ba."

"To ni ina jin ta hanyar baya ya bi yau. Kada ya isa ya tarar ba kowa. Mu je."

Ta cire takalmanta ta sa mata, ita ta taka kwalta da ƙafa. Da za su wuce ta dubi mai wayar ta ce, "Kai ma in ka yi sa'a za ka tsufa." Dada ta ce yaron ya mai da wayar aljihu kamar ta ƙone shi.

Bayan wannan Zaharadeen ya zo da shawara. Wani abokin aikinsa ya san gidan wani mai magani a wani ƙauye, inda ake ajiye irin su. Na tambaya yaya ake ajiye su. Ya sunkuyar da kai, ya ce ana ɗan sa musu mari a ƙafa, don kada su ɓata. Ba na zarginsa. Yaro ne da ke kwashe awa biyu a cunkoson Mararaba da safe, biyu da yamma, kuma tsoro ne ya sa shi. Abin da ban yafe wa kaina ba shi ne ban ce a'a ba nan take. Na ce zan yi tunani.

Ranar Litinin ina cikin wannan tunanin, raina a ɓace, na nemi wanda zan sauke wa. Na tsai da Lea a zaure.

Na ce, "Shekara ashirin kitsonki yana sati biyu a kan matar nan. Yanzu kwana uku. Hannunki ne ya mutu, ko wayo ne?"

Ta ce, "Wayo ne, Malam."

Ban shirya wa wannan amsar ba.

Ta sauke kujerar ta zauna a kai, a zaurena, ni ina tsaye. Ta ce, "Da na zo na ce maka na zo hira da Hajiya, za ka buɗe?"

Ta ba kanta amsa.

"Ba za ka buɗe ba. Za ka ce tana hutawa. Duk haka kuke, ku da 'ya'yanku, kunya kuke ji kada a ga yadda ta koma. Amma ba namijin da ke hana mai kitso shiga, don ba ya so a ce matarsa tana zaune da kai kamar sheƙar ungulu. To ni ba na ɗaure ƙarshen. Ina sassauta hannu. In ya warware, dole a neme ni. Gida tara nake yi wa haka a garin nan. Kai ne na farko da ya lura, sai ka ce ka ci jarrabawa."

Na ce wa ya koya mata.

Ta ce uwarta. A Agwada, da uwar ta tsufa, ta fara kiran matattu, tana cewa an sace mata gero. Sai aka ce mayya ce. Aka mai da ita ɗakin ƙarshen gida, aka hana jikoki zuwa, abinci ma a bakin ƙofa ake ajiyewa. Lea tana Keffi da ƙananan yara, sai ƙarshen wata take zuwa.

"Duk ranar da na je na tsefe mata kai, lafiya lau muke wuni. In na tafi ta koma faɗa da bango. Ni kuma don ina son in kyauta mata, sai in ja kitson da ƙarfi, ya yi mata wata guda cur. Ka gane? Da hannuna nake ɗaure mata wata guda na zaman kaɗaici. Da ta mutu kitsona yana kanta, ko gashi ɗaya bai fita ba." Ta goge hanci da bakin zane. "Tun ranar ban ƙara ɗaure wa tsohuwa kitso ba."

Sannan ta ce ta ji zancen gidan mai magani, domin ba abin da ke ɓuya a gidan da ake kitso. "In kuka kai ta, ni zan bi ta can da kujerata. Amma a can ba za ta ga zauren da take jira ba. Wa za ta ajiye wa ruwa?"

A ranar na kira Zaharadeen na ce uwarsa ba ta zuwa ko'ina. Na cire kwaɗon na jefa a rijiya. Ina so in ce daga nan na zama mutum. Ban zama ba, domin ta roƙe ni abu na biyu, na hana.

Ta ce, "Malam, abu ɗaya ya rage, kuma ba ni zan yi shi ba. In la'asar ta kusa, ka fita ta nan, ka zagaya layi, ka dawo. Ka tsaya a zaure inda ba ta ganin fuskarka, ka yi sallama yadda ka saba, ka ce ka dawo. Muryarka ba ta tsufa ba kamar fuskarka. Ka karɓi ruwan ka sha. Shi ke nan."

Na ce ni ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Na ce shekara talatin da biyar ina koya wa yara bambancin abin da ya faru da abin da bai faru ba, ba zan rufe rayuwata da yi wa matata ƙarya ba. Na yi jawabi mai kyau, har ni kaina ya burge ni.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ina ƙaryar? Ba kai ne mijin ba?"

Na ce ni ne.

"Ba fita za ka yi ba?"

Na ce fita zan yi.

"In ka shigo, ba dawowa ka yi ba?"

Ta ɗora kujera a ka ta tafi. Bayan wannan, duk 'yan watanni sai ta sake tuna min, ba da faɗa ba, kamar mai tuna wa mutum ya bar takalmi a rana. Na daina juye ruwan a randa, wannan kam na daina. Amma ban sha ba. Shekara uku kwanon yana kwana a bakin zaure. A cikin raina cewa nake, in na yi abin da Lea ta ce, na yarda ke nan cewa wancan saurayin mai Vespa take so, ba ni ba. Kishi nake da kaina. Ban ga wannan a littafi ko ɗaya ba.

Lea, ke ce kika shiga gidan da masu shi suka rufe don kunya, kika buɗe shi ba tare da kin kunyata kowa ba. Ke ce kika taka kwalta da rana don wata ta sa takalmi. Ke ba addininmu ɗaya ba, amma ke kike tuna mata an kira salla, ki zuba mata ruwa a buta, ki tsaya ki gyara mata mayafi in ya zame, kuma in ta yi raka'a bakwai ba ki taɓa ƙirgawa ba. Ni na ƙirga. Mai sassauta hannu don ta dawo, wannan shi ne kirarinki, ba ni da wani da ya fi shi.

Ranar Alhamis ta ƙarshe, a daminar 2022, na tashi da niyya. Ban san me ya canza ba. Wataƙila don na ga ta fara kasa ɗaga kwanon, sai Lea ta tallafa mata. Na ɗauko tsohuwar hulata ta zuwa makaranta. Da ƙarfe uku da rabi na wuce ta gaban matan, Lea ta ɗago ta dubi hular, sai ta sunkuya ta ce, "Hajiya, yau kitso na musamman za mu yi."

Zagayen layinmu minti goma ne. Na ga da sauran lokaci, sai na tsaya wurin mai jarida a bakin hanya. Wasu ɗalibai suna gardama, ɗaya ya ce a 1999 aka ƙirƙiro jihar nan. Na ce 1996. Ya ce a waya ya gani. Na ce ni ina nan aka yi. Na kawo masa wata, na kawo masa rana, na bi da shi tun daga lokacin da muke cikin Filato. Aka kira la'asar ina ji, na ce bari in ƙarasa wannan maganar. Na shiga masallacin da ke wurin na yi salla, na fito na tarar yaron ya samo wata hujja, na tsaya na rushe ta. Na yi nasara. Ya ce, "Baba, ka fi ni gaskiya." Ƙarfe biyar da kwata.

Da na shawo kwanar gida na ga Keke Napep a ƙofa, Dada tana tsaye hannu a ka. Lea ta fito tana rungume da Ummu Salma, ita da wata mata. Daga baya Lea ta gaya min yadda aka yi, don na matsa mata. Ummu Salma ta ɗebo ruwan, ta ajiye, ta zauna tana kallon zaure. Lea ta ce mata, "Yau kam yana hanya, na gan shi da idona." Ta ce, "Allah?" Ta gyara ɗankwali. Ta jira. Ta tambaya sau uku. Can ta ce kanta yana ciwo, ta kwanta a cinyar Lea, bakinta ya karkace.

Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta farka ba. Na zauna a gefen gadon, ma'aikata suna shiga suna fita, 'ya'ya suna tsaye. Da na iya ce mata na dawo a nan. Amma ba zaure, ba la'asar, kuma akwai mutane. Har a nan kunya ta fi ƙarfina.

Matan da suka yi mata wanka sun gaya wa Ikhlas cewa ba su taɓa tsefe kai mai sauƙi irin wannan ba. Suna taɓawa yana warwarewa. Lea ta sa ran dawowa ranar Litinin.

Ta kuwa dawo ranar Litinin, da kujerarta, bayan an watse daga zaman makoki. Na ce mata ai babu wadda za a yi wa kitso a gidan nan yanzu. Ta ce ta sani, matan sun saba da wurin ne. Ƙarya take yi, ni ta zo wa, kuma na bar ta ta yi. Har watan jiya, Litinin da Alhamis gidana cike yake, ina zaune a gefe ina ƙorafin hayaniya, tana ce min, "Malam, riƙe min kibiyar nan." Ina riƙewa.

Na gode, Lea. Na gode a madadin gida tara, da waɗanda suka riga su. Allah ya sassauta miki ciwon yatsun nan kamar yadda kika sassauta wa wasu. Allah ya ba ki wadda za ta zauna da ke in naki tsufan ya zo.

Ku kuma masu karatu, musamman ku da ke bin motar asuba zuwa Abuja: akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshen gidanku, ko bayan katangar da kuka toshe, ta fara faɗa da mutane, tana cewa an yi mata sata. Kafin ku ce mayya ce, kafin ku ce aljanu, kafin ku sayi kwaɗo, ku ƙirga awa nawa take yi a rana ba wanda ya ce mata uffan. Ku kai ta asibiti, wannan dole ne. Sannan ku nemi dalilin zuwa, ko na ƙarya ne, ku bar aikin ba a gama ba don ku koma gobe. Kuma in ta kira ku da sunan wani, ku amsa. Ba jarrabawa ba ce.

Kwanon yana nan. Ranar da aka tafi da ita asibiti, ba wanda ya tuna da shi, sai da na dawo daga maƙabarta na gan shi a bakin zaure da murfinsa. Na zauna a ƙasa na shanye. Vespa ma tana nan, tayoyinta sun zauna. Kullum yanzu ina fita kafin la'asar in zagaya layi, ba na tsayawa wurin mai jarida, ko da na ji ana kashe tarihi da tsakar rana. In shigo zaure in tsaya inda Lea ta ce in tsaya.

Ummu Salma, salamu alaikum. Na dawo.